Ƙwaryar Inna da Faifai Mai Juyawa

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa haddace sunan wani abu daga hoton littafi, amma ranar da aka ajiye maka abin a gabanka ka kasa gane shi? In haka ta taɓa faruwa da kai, to, ka riga ka san dalilin da ya sa ni, malamin harshe, wanda bai taɓa koyon aikin kafinta ko na lantarki ba, na ɗauki guduma da ƙusa. Labarin da zan ba ka na wata 'yar na'ura ce da na haɗa, da kuma asarar da na yi kafin in iya haɗa ta.

Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a birnin Ibadan. Yawancin ɗalibaina Yarabawa ne, akwai Ibo da Edo da 'yan wasu ƙabilu. Kamar kai, suna koyon Hausa ne a matsayin harshe na biyu, domin a shekarar 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ƙarfafa kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsunan Nijeriya uku, ban da harshen da ya tashi da shi.

Wata rana muna darasin kayan gida, sai na rubuta kalmomi bakwai a allo: ƙwarya, ƙoƙo, masaki, ludayi, gora, zunguru, shantu. Na gaya musu cewa duka bakwai ɗin daga tsiro ɗaya ake samunsu, wato duma. Idan duma mai faɗi ya ƙosa, aka raba shi biyu, aka ƙwaƙule cikinsa, aka shanya, an sami ƙwarya. Ƙaramar ita ce ƙoƙo, babbar kuwa masaki. Ludayi yana da mariƙi, da shi ake dama fura a sha. Gora yana da wuya da ɗan ƙaramin baki, ana zuba masa ruwa ko nono. Zunguru dogo ne, mata suna zura hannu a cikinsa idan sun sa lalle. Shantu ma dogo ne, amma shi kiɗa mata suke yi da shi.

Ban rufe baki ba wata yarinya ta ɗaga hannu. Cikin Hausarta mai ɗan tsayawa ta ce, "Malam, ƙwarya mun san ta. Da Yarabanci igba muke cewa, kuma garin Oyo ya yi suna wajen yi mata zane. Amma a littafinmu hoton ƙoƙo da hoton masaki duk ɗaya ne. Yaya za mu gane wanne ne wanne?"

Na duba littafin, na ga gaskiyarta. Mai zane ya yi rabin da'ira sau biyu, girmansu ɗaya. Hoton takarda ba shi da baya, ba shi da ciki, ba ya kuma nuna girman abu. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma irin wannan gani rabi ne.

Da hutu ya zo na tafi gida, ƙauyenmu da ke ƙasar Katsina, na sayi ludayi da gora da sauran kayan a kasuwa. Ƙwarya ce kawai ban ga wadda ta yi mini ba, domin idona yana kan ta mahaifiyata. Inna tana da wata ƙwarya wadda mahaifiyarta ta sa mata cikin kayan ɗaki lokacin aurenta. Bayanta ya yi ja saboda daɗewa da shafar hannu. An yi mata zane da wuƙa mai zafi, layi-layi da 'yan kusurwoyi, sun zagaye ta tun daga baki har gindi. A cikinta ake dama wa mahaifina fura har ya bar duniya. Na roƙi Inna ta ara mini. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka bisa al'adar Hausawa ba ta kiran sunana don kunya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kai wannan, aro na ba ka, ba kyauta ba. Yadda ta tafi, haka za ta dawo." Na ce, "In Allah ya so, Inna."

Da na koma makaranta sai na ga kawo kayan cikin aji bai warware matsalar ba. Azuzuwa shida nake shiga, kowanne cike da yara. Kafin ludayi ya zagaya daga hannu zuwa hannu an buga ƙararrawa, na baya ba su gani ba, kuma babu wanda zai iya sake dubawa in ya koma gida. Sai na yanke shawarar in ɗauki kowane abu a bidiyo da wayata, yadda za a gan shi ta ko'ina. Na fara da zagaya tebur da waya a hannu. Hoton ya fito yana rawa, mai kallo har jiri yake ji. Na ajiye wayar wuri ɗaya na riƙa juya kayan da kaina, sai yatsuna suka rufe rabin abin da nake son nunawa. Daga nan na tuna tallan da ake yi a talabijin, inda takalmi ko agogo yake juyawa shi kaɗai a hankali. Abin da nake bukata ke nan: wani faifai wanda inji zai riƙa juya shi. Na tambayi kuɗin na kanti, na ji aljihuna ba zai ɗauka ba. Na ce to, zan haɗa nawa.

Ina da wata tsohuwar fankar tebur wadda fiffikenta ɗaya ya karye. Na cire sauran fukafukan, na kwantar da ita rigingine a cikin akwati, na sa kafinta ya yanko mini da'irar katako, na ɗaure a kan ƙarfen da ke juyawa. Na kunna ta a lamba ɗaya, wato mafi ƙarancin gudu. Katakon ya riƙa juyawa har ba na iya ganin gefensa. A nan ya kamata in dakata. Amma sai na ce a raina, ai don babu kaya a kai ne, in aka ɗora wani abu nauyinsa zai rage gudun. Ga kofin roba a kusa, ga ludayin kasuwa, amma ɗoki ya sa na ɗauki abin da na fi son gani a bidiyo. Na kifa ƙwaryar Inna a tsakiya, na danna makunni.

Ban ga tashinta ba, ƙararta kawai na ji a jikin bango. Da na ɗauko ta, sai na ga tsaga ta taso daga baki ta gangara kusan rabin jikinta. Na zauna a ƙasa riƙe da ita, na daɗe ban motsa ba. Hausawa suna cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Akushi kwanon itace ne mai ƙarfi, kuma abin da ake nufi shi ne kowa ya yi hulɗa da daidai da shi. Ni kuwa na haɗa ƙwarya da injin da ke yin juyi ɗaruruwa a minti ɗaya. Ta shekara fiye da arba'in a ɗakin Inna lafiya lau, ta kasa cika wata ɗaya a hannuna. Na naɗe ta cikin zane, na tura ƙarƙashin gado. Daga ranar, duk lokacin da Inna ta kira ni a waya sai in yi mata zancen damina da lafiyar jikoki, in yi sallama da wuri.

Da zafin abin ya ɗan ragu, sai na ce tunda sauri ne ya cuce ni, bari in nemi abin da ba ya sauri. Na cire injin agogon bango, na manna murfin gwangwani a gurbin hannun sakan. Wannan hannu yana zagaye sau ɗaya a minti ɗaya, gudun da ba zai jefar da komai ba. Amma matsaloli biyu suka fito. Ta farko, agogon nawa ba ya tafiya a miƙe, ɗan tsalle yake yi sau 60 kafin ya cika zagaye. Ta biyu, ba shi da ƙarfi. An yi shi ne don ya ɗauki siririn hannu marar nauyi. Da na ɗora masa goro guda ɗaya, sai ya tsaya cak.

Matambayi ba ya ɓata. Abin da ya kamata in yi tun farko, shi na yi a ƙarshe. A bakin titinmu akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da kayan lantarki, kowa Baba yake ce masa. Bayarabe ne, amma ya yi shekaru a Sabon Gari a Kano yana wannan sana'a, kuma Hausa a bakinsa kamar can aka haife shi. Ka lura da wannan, mai karatu: a kasuwa da bakin aiki ya koye ta, yana tambaya, yana kuskure, ana gyara masa. Na gaishe shi, na ba shi labari duka, har da na ƙwarya. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, juyi kake nema ko gudu?" Na ce, "Juyi, Baba." Ya ce, "To, ai juya abu ba wuya, kowane inji yana yi. Gwaninta ita ce a sa shi ya tafi sannu, kuma da ƙarfinsa."

Ya jawo wani tsohon garmaho daga ƙarƙashin tebur, wato na'urar sauraron waƙa ta zamanin da. Ya nuna mini lambobi uku a jikinsa: 33 da 45 da 78. Ya ce waɗannan su ne yawan juyin da faifan waƙa yake yi a minti ɗaya. Ko mafi sannu a cikinsu yana cika zagaye kafin sakan biyu, ido ba zai iya bin zane ba. Ya mayar da garmahon inda ya ɗauko shi.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan kalma, faifai, domin malamin harshe ba ya wuce irinta bai tanka ba. Asalin faifai shi ne wanda mata suke saƙawa da kaba, mai faɗi da siffar da'ira, ana rufe ƙwarya da shi, ana kuma bakacen hatsi. Da garmaho ya zo, Hausawa suka ga abin da ake ɗora masa yana da wannan siffa, sai suka ce masa faifai. Da aka kawo CD, sunan ya bi shi. Yau kuwa za ka ji a labarai an ce "wani faifan bidiyo", alhali abin a cikin waya yake, ba shi da faɗi, ba shi da da'ira. Ka ga ke nan, ina neman faifai mai juyawa, don in ɗauki faifan bidiyon ƙwaryar da ake rufewa da faifai.

Baba ya shiga cikin shago ya fito da wani ɗan inji mai kama da ƙaramin gwangwani, faɗinsa kamar santimita 5. Ya ciro shi ne daga wata matacciyar na'urar ɗumama abinci, wadda ake kira maikurowef. Shi ne yake juya farantin gilashin da ke cikinta. A jikinsa an rubuta 5/6 da kuma 50/60. Baba ya yi mini bayani dalla-dalla. A cikin gwangwanin akwai abin da ke juyawa da sauri, amma juyin yana bi ta jerin giya masu haƙora, ƙarama tana tura babba. In mai haƙora 10 tana tura mai haƙora 50, sai ƙaramar ta juya sau biyar kafin babbar ta juya sau ɗaya. Gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. In aka jera irin wannan hawa-hawa, abin da zai fito a ƙarshe juyi ne mai nutsuwa, wanda zai iya tura tukunya da abin da ke cikinta. Lambobin kuwa suna nuna cewa gudun wannan inji yana bin bugun wutar lantarki. A Nijeriya wutar tana kai da komowa sau 50 a sakan ɗaya, don haka injin zai juya sau 5 a minti. A Amurka, inda take yin sau 60, zai juya sau 6. Na yi lissafi: sau 5 a minti, wato zagaye ɗaya cikin sakan 12. Daidai yadda ido zai iya bi.

Ya haɗa mini da wasu abubuwa uku daga cikin na'urar: farantin gilashin, da wata 'yar roba mai kunnuwa uku wadda take shiga kan ƙarfen injin ta kama gindin farantin, da zoben roba mai ƙananan tayoyi uku. Ya ɗaga zoben ya ce, "Malam, ga sirrin nan. Nauyi a kan tayoyin nan yake zama. Inji turi kawai yake yi. Agogonka ya tsaya ne don ka ba shi aiki biyu, ɗauka da turi."

A nan dole in ja kunnenka. Kada ka buɗe na'urar ɗumama abinci da kanka, ko da an zare ta daga soket. A cikinta akwai wani ɓangare da masu gyara suke kira kafasita, wanda yake iya riƙe wuta mai kisa bayan an kashe na'urar. Shi kansa ɗan injin da wutar gida yake aiki, mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Ni ma, da girmana, ban taɓa waya ko ɗaya ba. Baba ne ya yi duk haɗin wutar.

Ga yadda muka yi. Kafinta ya ƙera akwatin katako, tsawonsa da faɗinsa santimita 35, tsayinsa 10. Muka ja layi biyu a kan murfin, daga kusurwa zuwa kusurwa. Inda suka haɗu nan ne tsakiya, nan aka huda. Aka ɗaure injin da sukuru biyu daga ciki, ƙarfensa ya leƙo waje ta hujin. Baba ya haɗa waya da makunni da fulogi mai fiyus, ya rufe kowane haɗi, ya ƙulla wayar daga ciki don kada ta fizgu in wani ya ja ta, sannan aka rufe akwatin. Na goge saman murfin da samfefa har ya yi sumul, domin ko ɗan ƙaramin tudu tayoyin suka taka, sai a ga abu ya yi tsalle a bidiyo. Aka sa robar mai kunnuwa, aka ajiye zobe, aka ɗora faranti. A ƙarshe na yanka farin kwali daidai faɗin farantin, na shimfiɗa a kai. Don in sami tsakiyarsa, na yanka takarda mai irin girmansa, na ninka ta biyu, na sake ninkawa. Inda ninkin biyu suka gitta juna, nan na sa ɗigo da fensir. Kada ka raina wannan ɗigo. In abu bai zauna a kansa ba, zai riƙa lilo hagu da dama a cikin hoto maimakon ya juya a wuri ɗaya.

Wannan karon da kofin roba na fara gwaji, sannan kwano, sannan tukunyar ƙasa cike da yashi. Faranti ya riƙa juyawa a hankali, bai ko girgiza ba. Abu ɗaya ne ya ba ni mamaki: wani lokaci in na kunna ya bi dama, wani lokaci ya bi hagu. Baba ya ce halin irin wannan inji ke nan, ba lalacewa ba ce. In ya bi inda ba ka so, ka kashe ka sake kunnawa.

Sauran aikin na haske ne da haƙuri. Na kafa babban farin kwali a baya, yadda ba za a ga tarkacen ɗaki ba. Na gano cewa hasken taga da hantsi ya fi na dogon ƙwan lantarki, domin shi wannan yana ƙyaftawa da saurin da ido ba ya gani, amma waya tana kamawa, ta fito da wasu layuka masu yawo a kan hoto. Na ajiye farar takarda a ɗaya gefen don ta mayar da haske, inuwa ta ragu. Wayar kuwa na jingina ta da littattafai, na ɗaure da roba, na danna yatsa a kan hoton har ta kulle ganinta a kan abin da ake ɗauka. Masaki da gora ba sa iya zama da gindinsu, sai na naɗa musu gammo da tsumma. Ban kuma manta da tambayar yarinyar nan ba. A kowace ɗauka nakan ajiye kwalin ashana a gefen farantin. Kusa da ƙoƙo sai ka ga kwalin babba ne, kusa da masaki kuwa kamar ƙwaro.

Wata rana malamin lissafi na makarantarmu ya leƙo, ya tambaye ni hoto nawa wayar take ɗauka a sakan ɗaya. Na duba na ce 30. Ya ɗauki alli ya rubuta: 12 sau 30, 360. Ya ce da'ira ma digiri 360 ce, saboda haka tsakanin kowane hoto da mai bi masa, abin ya juya digiri ɗaya cif. Tun daga ranar yake aron akwatin in zai koyar da kusurwoyi.

Na ɗauki kaya shida, na ɗora muryata a kan kowanne: sunansa, da jam'insa, da jimla ɗaya. "Wannan gora ne. Jam'insa goruna. Makiyayi yana rataye da goran ruwa." Sakan 12 sun isa a faɗi wannan a nutse. A juyi na biyu shiru nake yi, don ɗalibi ya maimaita. Ta bakwai kuwa tana nan ƙarƙashin gado.

Hutu ya sake zagayowa. Tafiya daga Ibadan zuwa Katsina doguwa ce, amma wannan karon sai na ga mun isa da wuri. Bayan gaisuwa da cin abinci na shiga ɗakin Inna, na durƙusa, na warware zanen, na ajiye ƙwaryar a gabanta. Na ce, "Inna, na yi laifi. Ba tsautsayi ba ne, gaggawata ce." Ta ɗauka, ta bi tsagar da yatsa daga sama har ƙasa. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce, "Wata uku." Ta ce, "Shi ya sa wayarka ta gajarce." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Fashewar ba ta kai ɓoyewar ciwo ba." Da marina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari ranar kasuwa ce, ta aike ni wurin gyartai, wato mai sana'ar ɗinkin ƙwarya. Da ƙyar na same shi a ƙarshen kasuwa. Tsoho ne, ya ce mini kwanon roba da na silba sun kashe masa ciniki. Ya huda ƙananan ramuka da basilla a gefe biyu na tsagar, ya bi su da zare mai ƙwari, yana ja a hankali har bakin tsagar ya haɗu. Ya ɗauki kusan awa guda a kan abin da bai wuce tsawon tafin hannu ba. Ina zaune ina kallonsa, sai na tuna karin maganar nan: ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta. Cikin raina sana'arsa ake faɗinta, amma a ranar babu mai daraja a idona kamarsa.

Na kai wa Inna. Ta jujjuya ta a hannu, ta ce ba za ta ƙara dama fura a ciki ba, sai dai ta zuba tsaba. Na ce to, ga ta na dawo da ita. Ta ce, "Ka gama abin da ka are ta dominsa?" Na ce, "A'a, Inna." Ta miƙo mini. "To, koma da ita. Kada ta fashe a banza."

Ranar da zan ɗauke ta a bidiyo ne na lura da abin da ban yi tunaninsa ba. Da hoton takarda ne, da sai in juya ɗinkin baya, ba wanda zai sani. Amma faifai mai juyawa ba ya ɓoye komai, duk bayan sakan 12 ɗinkin zai zagayo gaban kowa. Na yi tunanin in yanke wurin daga bidiyon, sai na tuna maganar Inna, na bar shi.

Da na haska a aji, zane ya riƙa wucewa a hankali, layi bayan layi, har ɗinkin ya bayyana. Nan da nan hannaye suka tashi. "Malam, mene ne wannan?" "Malam, wa ya fasa ta?" Na ce, "Ni ne." Na ba su labarin da na ba ka yanzu. A wannan darasi suka koyi kalmomin da ban shirya koya musu ba: tsaga, ɗinki, aro, gaggawa, gyartai. Yarinyar nan mai tambaya ta ce ko za su iya kawo kaya daga gidajensu a ɗauka, su faɗi sunayensu da Hausa da harsunansu. Na yarda, bisa sharaɗi biyu: ba a kawo komai sai da izinin mai shi, kuma kofin roba ne yake fara hawa faranti.

Kai ma, mai karatu, ba sai ka sami inji ba kafin ka gwada. Ɗauki abu ɗaya a gidanku, tukunya ko kofi ko buta, ka ajiye a tebur, ka riƙa juya shi a hankali kana faɗin sunan kowane sashe. Za ka ga Hausa tana ara wa kaya sunayen gaɓoɓin jiki: bakin ƙwarya, wuyan gora, gindin tukunya, hannun kofi, cikin masaki. In kalma ta ɓace maka, ka tambayi malaminka ko wani Bahaushe a unguwarku. Kalmar ma haka za ka yi mata, kamar yadda muka yi wa faifai: ka duba inda ta fito, da wuraren da ake amfani da ita, kada ka tsaya a ma'ana ɗaya da ka gani a ƙarƙashin hoto. Kuma kada ka yi gaggawa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

A hutun da ya biyo baya na mayar wa Inna ƙwaryarta. Na nuna mata bidiyon a waya, ta kalla sau uku ba ta ce komai ba. A na huɗu ta sa yatsa a kan gilashin ta ce, "Ashe haka zanen gindinta yake? Shekara arba'in ina riƙe ta, ban taɓa tsayawa na duba ba." Yanzu ƙwaryar tana ɗakinta a inda take a da, cike da gero, an rufe ta da faifai.